Muryar Baba Seidu a Diskin da Ya Lalace

'Yan'uwana, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya tashe mu lafiya ya tara mu a ɗakin nan. Fasto, na gode da ka ba ni fili. Iyayena na zumuntar mata, idan murya ta ƙi sai ku yi haƙuri da ni, maganar nan har yanzu tana taɓa ni.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ladi. A unguwar Nima aka haife ni, a nan kuma nake da ɗan shagona na ɗaukar hoto da bidiyo. Yawancin masu kirana maƙwabtanmu ne Musulmi, ko suna ko aure, domin ni mace ce, ina shiga har ɗakin mata inda namiji mai kamara zai tsaya a ƙofa. Sun san ni Kirista ce, kuma ba a taɓa hana ni tabarma ba.

Yadda nake aiki shi ne, in na dawo sai in kwashe abin da na ɗauka daga katin kamara in zuba a diski. Diskin wani ɗan baƙin akwati ne a ƙarƙashin teburina, da wayar wutarsa daban. Daga nan in goge katin, in tafi wani aikin da shi. Haka aka koya mini, haka nake yi.

Bara, da Baba Seidu mai albasa zai tafi aikin hajji, matarsa Mma Adiza ta aiko aka kira ni gidansu a unguwar Maamobi in ɗauki taron sallama. Kun san yadda ake yi. Dangi da maƙwabta su taru, mai tafiya ya nemi gafarar kowa, ya yi wa 'ya'yansa magana ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka duka, na zuba a diski, na goge kati. Na ce sai ya dawo in haɗa da bidiyon tarbarsa, ya zama abu guda mai kyau.

Tun kafin nan kwamfutata ta fara yi mini wulaƙanci. Ina cikin aiki sai ta sandare, ko allon ya koma shuɗi ta mutu ta tashi da kanta. Wata rana in buɗe hoton amarya in ga rabinsa toka. Wata rana sunan folda ya koma wasu alamomi da ba Hausa ba, ba Turanci ba, ba Larabci ba. Duk lokacin da ta tashi sai ta tambaye ni ko ta duba diskin ta gyara, ni kuma in ce to. Wa zai ƙi gyara? Wani ya ce zafi ne, na sa mata fanka ni ina gumi. Wani ya ce cutar kwamfuta ce, aka wanke ta aka zuba mata sabon tsari. Ba a jima ba ta koma halinta.

Sai labari ya zo daga Makka. Baba Seidu ya rasu, an binne shi a can.

Mutane suka yi ta cewa ya dace. Amma 'yan'uwana, ku tuna da matar. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga likkafani ba, babu kabarin da 'ya'yanta za su je su tsaya a kai. Jakarsa kawai aka dawo mata da ita. Abin da ya rage na fuskar mijinta da muryarsa yana ƙarƙashin teburina.

Ina dawowa daga gaisuwa na wuce shago na danna foldar. Kwamfuta ta ce ba za a iya karantawa ba, ta lalace. Na sake dannawa. Na kashe na kunna. Na canza waya. A ƙarshe ma diskin gaba ɗaya ya ƙi buɗewa, sai wani ɗan rubutu yake fitowa, wai sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi. Fomat kuwa shi ne a share shi a mayar da shi kamar sabo. Wayyo Allah!

Mma Adiza tana takaba, ba ta fita, sai babbar 'yarta Memuna take zuwa. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Sista Ladi, Mma ya ce in tambaye ki, bidiyon Baba ya gama? Mma ba ya barci kraa, ko kaɗan. Ya ce ko ba ki gyara shi ba ki kawo haka, muryar kawai yake so."

Na ce, "Memuna, injin ne yake ba ni wahala. Ki ce mata ina kai."

Ta ce, "Yoo, mun gode." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shawara kuwa na sha ta. Nima ba a rasa likitan kwamfuta, kowa gwani ne in ba kayansa ba ne. Mai aski ya ce in sa diskin a firiza ya yi sanyi. Wani ya ce in ɗan buga shi a gefe yadda ake yi wa tsohon rediyo. Wani mai gyaran waya ya rantse ya ce in yi fomat ɗin kawai, ai daga baya komai yana dawowa. Ban san mai gaskiya ba. Ban san me ya lalace ba, balle in san me ya lalata shi. Na yi azumi. Na daina bi ta layin su Mma Adiza, sai in yi zagaye ta bakin kwata. Waakye ma, shinkafa da waken nan da nake so, in na saya sai in zauna ina kallonsa.

Ranar da na kai ƙarshe, da tsakar rana ce. Memuna ta sake zuwa ta tafi. Rubutun fomat yana kan allo, hannuna yana kan linzamin kwamfuta, na ce bari in danna kowa ya huta. Sai na ji ba zan iya ba, kuma ba zan iya bari ba. Na zame daga kujera na durƙusa a ƙasa. Ban yi addu'a mai tsari ba. Cewa nake, "Yesu, ba ni da wayo, ba ni da kowa. Matar nan ta ba ni amana. Kada ka bar ni in kashe mata miji sau biyu." Kuka nake kamar yarinya.

Ina nan a durƙushe sai na ji sallama. Mma Fati ce mai koko, maƙwabciyata. Kun san zaman Zongo, wanda yake da wuta a shagonsa ba ya hana maƙwabci cajin waya, balle babba. Mutane suna shiga suna fita, ni idona yana kan allo, ban taɓa kula ba. Ranar ce kawai idona yake daidai da ƙasa.

Ta ce a hankali, "Ci gaba da addu'arki, 'yata, ba zan dame ki ba."

Ta sunkuya ƙarƙashin tebur, ta zare wayar diskin daga soket, ta sa cajarta. 'Yar fitilar diskin ta mutu a gaban idona.

Na ce, "Mma! Me kika cire?"

Ta ce, "Ah ah, wannan ne kullum muke cirewa. In mun cire wancan, talabijin ɗinki yana mutuwa ki yi fushi. Wannan kuwa ba ya yin komai. Ni na nuna wa sauran, don kada a ɓata miki aiki."

'Yan'uwana, ban san ko in yi dariya ko in yi ihu ba. Tsohuwar nan don tausayina take yi! Na ɗaga kai na dubi allo, rubutun fomat ya ɓace, don diskin ba ya nan. Abin da nake shirin dannawa an ɗauke shi daga gabana. Ku yabi Ubangiji!

Ban sake sa shi a wuta ba. Na naɗe shi a gyale na je wajen Mama Fasto, ita ta haɗa ni da wani Muniru, mutumin Sabon Zongo da yake aikin ceto fayil daga diski a unguwar Circle. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Madam, in diski yana rubutu aka yanke masa wuta, abin da ke nuna inda kowane fayil yake shi ke karyewa. Kamar gidajen Nima ne, mutanen suna ciki, amma babu mai nuna miki ƙofa. Gyaran da kike cewa to, to, wani lokaci yana taimako, wani lokaci yana zubar da abin da bai gane ba. Ban yi miki alkawari ba fa."

Bai taɓa ainihin diskin da gyara ba. Ya kwafe shi kaf zuwa wani, ya yi aiki a kan kwafin. Abin da ya fito guntaye ne birjik, babu suna sai lamba. Ni kaɗai na san fuskokin, don haka ni na zauna ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Sunan jaririn wasu, rawar auren wasu, da yawa kuma baƙi ƙirin. Kowane na buɗe sai in ce, "Yesu, wannan."

Zan faɗa muku gaskiya a gaban Allah. Jawabin sallamar bai dawo ba. Neman gafarar, maganar da ya yi wa 'ya'yansa, duk sun tafi. Abin da na samu ɗan guntu ne da na ɗauka a ɗakin Mma Adiza kafin taro, ina gwada kamara. Hoton ma yana tsinkewa.

Na tafi Maamobi. Na same ta a kan tabarma, na durƙusa na faɗa mata komai. Na ciro wayata. Na kunna guntun, na miƙa mata.

Ga Baba Seidu a bakin gado yana gwada sabon takalmi, ita tana cusa masa magani a jaka tana faɗa, wai ta san shi, zai manta. Sai ya yi dariya ya ce, "Adiza, bari mana. Wa zai yi mini faɗa a can? Zan yi kewar faɗan nan."

Shi ke nan, ya ƙare.

Na fara cewa, "Mma, ki yafe mini, jawabin..."

Ta ɗaga mini hannu, idonta yana kan hoton. Ta ce, "Jawabin na mutane ne, kowa ya ji. Wannan nawa ne. Sake sa mini."

Na sake sa mata. Ta ce in sake. Ta kira Memuna ta zo ta zauna, muka yi kuka mu uku.

'Yan'uwana, ban iya komai ba a cikin wannan al'amari. Ban gano ciwon ba, ban yi maganin ba, abin da na yi kawai na faɗi a ƙasa na kira sunan Yesu, shi kuma ya ji ni. Bai ba ni duk abin da na roƙa ba, ya ba matar nan abin da take bukata. Yanzu kowane aiki wuri biyu nake ajiye shi, masu caji kuma na ja musu soket nasu a bakin ƙofa.

Idan akwai wanda ya zo yau da amanar da ta fi ƙarfinsa, hannunsa yana kan abin da zai ƙarasa ɓata ta, ina roƙonka ka ɗauke hannun, ka durƙusa tukuna. Ubangiji yana gani. Na gode masa, na gode masa. Ku taya ni cewa Amin.