Ɗigon Jan Farce a Famfon Mai

"Wannan famfon man ne sabo? Dubi idona, Oga, ka sake faɗa!"

Ina kan benci a gareji, ina jiran a gyara wa ɗana birki. Nan da nan na ɗage ɗankwali daga kunne. Wani mai tsohuwar mota ne ya tsare bakanike.

"Sabo fil, Malam. Ba ka ga yana ƙyalli ba?"

"Ƙyallin wankin fetur! Kafin in kawo ta, sai da na ɗiga wa kowane ƙarfe jan farcen matata. Ga ɗigon nan a gindinsa. Nawa ka wanke ka mayar min!"

"To, yana aiki ko ba ya yi? Motar da ta shekara uku kaji na ƙwai a cikinta, ka zo da abin da ko taya ba zai saya ba, kana neman sabo?"

"Amana fa na ba ka!"

"Amana? Wa ya ce in mayar da lambar tafiyarta baya, daga kilomita dubu ɗari huɗu zuwa dubu tamanin?"

"Rage murya mana!"

"Don surukinka ya saya, ko? Ai ranar da ka kawo ta ya biyo sawunka, ya leƙa lambar, ya rubuta a takarda. Shi ma bai yarda da kai ba."

"Ka sani, kuma ka juya ta?"

"Aikin da ka sa ni na yi."

Mai motar ya maka ƙofarta da ƙarfi, ya fice a ƙafa. Gilashin ya sulale ya faɗa ciki.