Katangar da Muka Yi wa Baba

Masahudu: Halo? Tamale ne? Azeta nake nema.

Azeta: Ni ce, Yaya. Salamu alaikum. Ɗaga murya, layin sai ƙara yake yi.

Masahudu: Wa alaikumus salam. Ashe saƙona ya iso.

Azeta: Direban lorin gishiri ya kawo, ya ce in zo gidan waya yau. Yaya garin Sekondi? Yaya Ashetu da yara?

Masahudu: Lafiya lau. Yaya mutanen unguwar Zogbeli? Yaya fama da yunwa?

Azeta: Yunwa kam ta zama 'yar gida. Wutar daji ta cinye gonaki, masara sai a mafarki. Ku dai kuna da kifi.

Masahudu: Wane kifi? Yaya ƙafar Mma?

Azeta: Da sauƙi. Yaya, kai ba ka kiran waya don gaisuwa. Wa ya rasu?

Masahudu: Ba wanda ya rasu. Na je ƙauyenmu ne. Ruwan teku ya shiga maƙabarta.

Azeta: Makaranta?

Masahudu: Maƙabarta, Azeta. Inda Baba yake.

Azeta: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To katangar fa? Ba bara aka gama ta ba? Da kyar na samo simintin nan na aiko maka.

Masahudu: Katangar ce ta jawo. Kin tuna tudun yashin da ke tsakanin kaburbura da ruwa, mai bishiyoyin kwakwa?

Azeta: Inda muke wasa muna yara.

Masahudu: Can muka ɗebi yashin buga bulo, don ya fi kusa. Da mutane suka ga mun fara, kowa ya kawo kwanonsa, har da masu tifa daga gari. Itatuwan bakin fadama kuma dama an sare su ana ƙyafa kifi. Da ruwa ya taso, babu abin da ya tare shi.

Azeta: Ba wanda ya ce muku a'a?

Masahudu: Tsoho Kwamina, shugaban masunta, ya zo har masallaci. Ya ce tun kakanninsu ba a taɓa tudun nan, na teku ne. Muka ce tsafinsu ne, mu ba ruwanmu da shi. Har dariya aka yi masa.

Azeta: Kaico. Kabarin Baban, da saura?

Masahudu: Layin kaburburan da yake ciki duka ya tafi. Na tsaya a wurin, ruwa har gwiwata, ban ma gane inda zan fuskanta in yi masa addu'a ba. Kwamina ne ya riƙe hannuna ya nuna min daidai wurin.

Azeta: Mun so mu kare shi daga awaki, sai muka miƙa shi ga ruwa. Da na sani da simintin nan ya daskare a ɗakina. Wallahi zuciyata ta yi nauyi, Yaya.

Masahudu: Ki bar maganar a cikinki tukuna. Kada Mma ta ji.

Azeta: Mma tana nan kan benci. Ta ce sai ta biyo ni. Ta ɗinka likkafaninta tun watan jiya, tana so ta bi lori ta koma ƙauye kafin azumi, don in ta cika a sa ta kusa da Baba.

Masahudu: Ki ce mata layin ya...

Azeta: Ga ta ta taso, ta miƙo hannu. Mma, ga Masahudu. Nan za ki sa kunne.

Mma: Masahudu, ɗana, kana lafiya? An ce katangar ta yi kyau, Allah ya yi maka albarka. Wurin da na ce ka bar min gefen mahaifinka, ba a ba wani ba ko? Masahudu? Azeta, ba ya magana. Layin ne?

Azeta: Layin ne, Mma. Kawo in ajiye.