Fuskar Gawa a Ƙofar Bas

"Ba zan wanke ba," in ji Loretta. Tana tsaye a ƙofar bas a tashar birnin Pittsburgh, fuskarta shafe da hoda mai launin toka.

Direban ya leƙo. "'Yar nan, yara ne cike da motar, za ki tsorata su. Wai me ya kai ki?"

"Yau ake nuna tsohon fim ɗin matattun nan masu tashi su ci mutane. Duk shekara da kwalliyar gawa muke zuwa."

"Wanda ko kare bai kalla ba da ya fito?"

"Mu mun kalla. Marigayiya mahaifiyata na ciki. Ita ce gawar da ke jan ƙafa a bayan coci."

"Kai! Ta yi magana?"

"Gurnani kawai. Shi ne muryarta da ta rage mana. Wannan ma sauran hodarta ce, yau ta ƙare."

Ya dubi yaran. "Allah sarki. Amma sai kin wanke."

"To rufe ƙofarka, baba."

Ya rufe. Loretta ta kama hanya a ƙafa, tana sane cewa kafin ta isa mahaifiyarta ta riga ta wuce a majigin. Sai kuma baɗi.