Tayar da Ta Kai Ni Wurin Mamman

Akuya ce kuɗin tafiyata. Ku ajiye gardamar tayar keken nan tukuna ku matso, zan zo kanta. Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, ita ta sayar da jar akuyarta, wadda ita ke nan gare ta, ta ƙulle kuɗin a tsumma ta danƙa mini. Ɗanta Mamman, taubashina, ya daɗe a Gwalkwas. Haka muke kiran ƙasar, bakinmu bai iya lanƙwasa sunan yadda Turawa ke yi ba. Labari ya zo mana yana aikin gonar koko can cikin kurmi, inda babu masallaci babu ladan.

Ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa. Ta ce, "Idi, ban aike ka zane ba. Ka nemo yaron nan. In da rai ku dawo tare. In kuma ta Allah ta kasance, kada ka bari a rufe shi bai kalli gabas ba."

Na yi dariya na ce, "Gwaggo, wannan ƙaton ai shi zai rufe mu duka." Ita ba ta yi dariya ba.

A Zangon Kumasi na sauka gidan Malam Tanko, dillalin goro. Mutum ne mai faɗa kamar an sa shi, amma bai taɓa barin baƙo da yunwa ba. Ranar farko na ji wani yana cewa, "Mata na ya tafi kasuwa." Na juya ina neman wannan mata da ta zama namiji. Ashe Hausar wurin ke nan. Keke kuma basukur suke ce masa, ko'ina ka shiga a ce maka "akwaba", wato sannu da zuwa. Ni dai na ce Allah ya mayar da ni gida da harshena.

Dako na fara, kaya-kaya suke kiranmu. Daga baya Malam Tanko ya ga ƙafafuna dogaye, ya ce in koyi hawan tsohon kekensa, in riƙa zagaya masa ƙauyuka ina jin inda goro ya nuna. Da haka na gano Mamman, a wani ƙauye kudu da gari, can gaba da Atonsu, a gonar wani dattijon Asante mai suna Papa Kwaku. Ya rame, ya yi baƙi, amma bakin nan na tsiya yana nan. Da ganina ya ce, "Lallai duniya ta lalace, har bawana ya hau ƙarfe!" Na ce ya zo mu koma gida. Ya ce sai an ɗebe koko an sallame shi.

To, ga maganar taya. Hanyar nan iri biyu ce. Daga Zango zuwa bakin gari an malala kwalta, sumul, sabuwa. Kana wuce nan sai jar tsakuwa mai kaifi, da gangara, da ramukan da ruwa ya ci. Tayoyin keken kuwa sun suɗe, faci kan faci, har na fi tura shi a kan hawansa. Malam Tanko ya gaji da mitata, ya ce in je wurin Raimi, Bayarabe mai gyaran keke, in zaɓo sababbi. Ya ƙara da cewa, "Siraran nan nake so, irin na akawu. Ranar Juma'a ni zan hau, ba na son a ce keken Tanko ya yi kama da amalanke."

Aka yi dace ranar Mamman ya shigo gari sayen gishiri, sai muka tafi tare. Raimi ya zube mana taya iri uku. Ga siririya mai santsi, ya ce a kan kwalta tashi take kamar tsuntsu, amma a tsakuwa zamewa za ta yi, dutse ɗaya ya huda ta. Ga wata ƙatuwa mai ƙuraje ko'ina, ya ce wannan ko taɓo ba ta tsoro, amma a kwalta sai ka ji kamar kana jan jaki mai gardama. Ga kuma ta uku, mai faɗi da kauri, tsakiyarta lafiyayya, haƙora a gefe da gefe.

Idona yana kan siririyar, ba zan ɓoye muku ba, kyakkyawa ce. Raimi ya ce, "Aboki, ni ba ya tambaya ina hanya ya fara. Ina hanya naka ya ƙare?"

Kafin in buɗe baki Mamman ya ce, "Wurina ya ƙare." Ya ɗauki ta ukun, ya danna ta da babban yatsa, ya lanƙwasa ta kamar mai sayen takalmi. "Wannan za ka sa. Kwaltar taku duka nawa take? Kafin ka gama bisimilla ta ƙare. Sayi wadda za ta kawo ka inda nake, ka riƙa kawo wa ubangidanka gaisuwa."

Raimi ya ɗaura su, ya kuma koya mini abu guda. A kwalta ka cika iska tam. In ka zo tsakuwa ka sauka ka rage kaɗan, yadda tayar za ta riƙa kwanciya a kan dutse maimakon ta yi karo da shi.

Da na koma gida aka yi ta.

"Mene ne wannan?"

"Taya ce, Malam."

"Na aike ka taya, ka sayo mini ƙafar giwa?"

"Malam, goron naka ba a kwalta yake tsirowa ba."

"Rufe mini baki! Ni da kekena, ɗan jiya zai koya mini?"

Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata sai da hanci. Samarin Zango kuma suka sa wa keken suna Giwa. In suka wuce ni a kan siraran tayoyinsu sai su kaɗa ƙararrawa su ce, "Giwa, ba mu hanya!" Abin yana mini ciwo, yaro ne ni a lokacin. Amma na daina tura keke, kuma duk fitar da na yi kudu sai na biya wurin Mamman mun ci doya mun yi wa juna tsiya.

Wata ranar damina da hantsi, wata mai kawo ayaba kasuwa ta zo ƙofar gida tana tambayar mai Giwa. Ta ce Papa Kwaku ne ya aiko ta. Zazzaɓi ya kama Mamman, da asuba ya cika. Ga zafi, ba za su iya ajiye shi ba. In rana ta karkata ba su ga nasa ba, za su rufe shi yadda suka iya.

Muryar Gwaggo kawai nake ji. Mota ba ta shiga hanyar sai ranar kasuwarsu, da ƙafa kuwa sai dai in tarar da tulin ƙasa.

Malam Tanko ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da farin ƙyallen da ya ajiye wa kansa na likkafani, ya naɗe shi, ya ɗaure a bayan keken da hannunsa. Ya tsayar da ni ya karanta mini yadda ake wanka da yadda ake sallar gawa, ya sa na maimaita. Sannan ya tsuguna ya danna tayar. Ya ce, "Hau. Ƙafar giwar nan yau za a ga amfaninta."

A kwalta na taka kamar zan karya feda. Da na zo inda ta ƙare, zuciyata ta ce in wuce kawai, rana na tafiya. Wallahi saukar nan da na yi don in rage iska ita ce abu mafi wuya da na yi a Gwalkwas. Na tsuguna ina jin iskar tana fita. Ruwa ya wanke hanyar, duwatsun sun fito da bakinsu. A wata gangara ƙafar baya ta goce, na ce shi ke nan, sai haƙoran gefen suka kama ƙasa ta dawo. Ina hawa ina kuka ina zagin Mamman, ina cewa kai ka zaɓe ta, to ka ce mata ta riƙe. Ta kuwa riƙe, ko sau ɗaya ba ta sace ba.

Na tarar sun gama haƙa. Papa Kwaku har akwati ya sa an yi masa, na katako mai kyau, matansa suna ta kuka kamar ɗansu ne. Mutanen kirki ne, iyakar girmamawar da suka sani ita suka yi. Amma ramin ya miƙe ne daga gabas zuwa yamma. Da an sa shi haka, da bai kalli alƙibla ba.

Dattijon ya riƙe hannuna ya ce, yana haɗa yarensu da 'yar Hausarsa, "Kose, kose. Sannu. Ku ina ne kuna duba?"

Na nuna masa. Bai tambaye ni dalili ba, ya karɓi fartanya da kansa, muka gyara ramin ya koma kudu da arewa. Na wanke taubashina, na naɗe shi a ƙyallen Malam Tanko, na tsaya ni kaɗai na yi masa salla, su kuma suna tsaye a bayana. Na kwantar da shi a hannun dama. Har yau in na ga mutum yana zaɓen taya don kyau, ba na ce masa komai, sai dai in tambaye shi ina hanyarsa ta ƙare.

Da kaka na dawo gida. Abokan tafiyata sun zo da akwatuna da laima, ni ɗan ƙunshi ne a kaina, Giwa kuwa ta mai ita ce, na bar masa abarsa. Labarin mutuwar ya riga ni isowa. Na sami Gwaggo tana sussuka a tsakar gida. Ba ta dubi ƙunshin ba, ba ta kuma ce mini sannu da hanya ba. Ta tsayar da taɓarya.

"Ina ya kalla?"

"Gabas, Gwaggo. Da hannuna na juya shi."

Ta daɗe tana duban hannuwan nawa. Sannan ta ce, "To, ban yi asarar akuyata ba." Ta jingine taɓaryar, ta je ta ɗebo mini ruwa.