In'inata da Shekarar da Na Yi Shiru a Jami'a

Iyayena da 'yan'uwana, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, Ubangijinmu. Sunana Irmiya, daga Poli. In kun ji na tsaya a kan wata kalma, kada ku damu, kada kuma ku ƙarasa mini. Ku ɗan jira, za ta fito.

Da in'ina na tashi. A Poli abin bai dame ni sosai ba. Gari ne da kowa ya san kowa, kuma kowa ya san ɗan Ladi mai ɗinki sai an yi haƙuri da bakinsa. Mamana takan ajiye almakashi ta zuba mini ido har in gama. Da na ci jarrabawar bak ta gama sakandare na samu shiga jami'a a nan Garuwa, na ɗauka haka duniya take ko'ina.

Ashe ba haka ba ne!

A watannin farko wani malami ya ba mu ekspoze, wato kowa ya tsaya gaban aji ya yi bayani da Faransanci. Na san darasin, na karanta shi har na haddace. Da na tsaya a gaban babban ɗakin karatu cike da mutane, kalmar farko ta maƙale a maƙogwarona. Can baya wani ya ɗaga murya ya ce, "Rezo ya yanke!" Wato layin waya ya katse. Ɗakin ya fashe da dariya. Daga ranar, sunana ya koma Rezo.

Ba mugaye ba ne, yara ne masu son raha. Amma ni ranar na rufe bakina.

Na koma zama a kujerar ƙarshe. In malami ya yi tambaya, ina da amsa, sai in sunkuyar da kai. Mai moto, wato ɗan acaɓa, ma ba na gaya masa inda za ni, sai in nuna masa a waya. Na zo wannan ikilisiya sau ɗaya, da aka ce baƙi su miƙe su faɗi sunansu, na sulale ta ƙofar baya. Ban sake dawowa ba sai ƙarshen shekarar.

'Yan'uwa, ban san ko kun taɓa sanin kaɗaici a tsakiyar jama'a ba. Ɗakin da nake haya yana cikin gida cike da ɗalibai. Ina jin su suna dafa taliya tare, suna gardamar ƙwallo da Fulatanci da Faransanci, ni ina kwance ina kallon rufi. Daga Juma'a da yamma har Litinin da safe, wani lokaci ba na jin muryata ko sau ɗaya. In Mama ta kira, sai in ce "lafiya", "to", "sai anjima", don kada ta ji yadda bakin ya ƙara nauyi. Addu'a ma na bari. Na ce a raina, mutane ba su da lokacina, to Allah mai duniya duka a hannunsa, ina zai samu?

Mutum ɗaya ne kawai nake gaisawa da shi, Baba Hamadu, wani dattijo Musulmi mai tsire a bakin hanyar makaranta. Shi ba ya tambayata komai. "Jam na, ɗan makaranta?" In gyaɗa kai, ya yanka mini nama, ya ƙara mini albasa.

Ƙarshen shekara ya zo. Duk jarrabawar rubutu na ci, amma duk inda ake bukatar magana ban je ba. Sakamako ya fito, aka ce sai na maimaita aji. Na tattara kayana na ce Poli za ni, ba dawowa.

Na biya wajen Baba Hamadu in yi masa sallama. Da ƙyar na haɗa maganar. Ya ajiye wuƙa ya dube ni.

"Ka gaya wa mahaifiyarka?"

Na girgiza kai.

"Malamanka fa?"

Na sake girgiza kai.

"To Allah fa, ka gaya masa? Ɗana, ni ban san yadda kuke yi a cocinku ba, amma kada ka hau mota ba ka yi magana da kowa ba."

Maganar ta tsaya mini a zuciya. Da rana tsaka na taka har nan cocin. Ba kowa a ciki, sai ƙofa a buɗe. Na durƙusa can kusa da taga ta biyu, na buɗe baki da ƙarfi, abin da na daɗe ban yi ba. Ba addu'a ce mai kyau ba. Na ce, "Ubangiji Yesu, na gaji. Kai ka yi bakin nan. Ba wanda yake jira in gama magana. In kana nan, ka jira ni." Na yi kuka har rigata ta jiƙe. Ban ji wata murya ba, ban ga haske ba. Amma na faɗi duk abin da ke raina, da in'inata, ba wanda ya katse ni, kuma na san ana saurarona.

Washegari na je ofishin taimakon ɗalibai don in karɓi takarduna. Na tarar da wata mata, Madam Rifkatu. Ta ce, "Me ya sa za ka tafi?" Na fara amsawa na maƙale. Na jira ta ƙarasa mini yadda kowa ke yi. Sai ta ture wayarta gefe, ta jingina da kujera, ta ce, "Ba na sauri, Irmiya. Ina jinka."

Haleluya! Abin da na roƙa jiya, ga shi a bakin matar da ba ta san na roƙa ba!

Na ba ta labari duka. Ta ce, "Shekara guda kana cikin wannan, ga ofishin nan a buɗe? Takardunka ba inda za su." Ita ta je wajen malamaina aka yarda a riƙa ƙara mini lokaci in zan yi bayani. Ta tura ni wajen wani ma'aikacin asibiti da ya koya mini yadda zan ja numfashi kafin kalma mai wuya. Ta kuma haɗa ni da wasu ɗalibai masu karatu tare a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Sannu a hankali na fara yi musu bayanin lissafi, su kuma suka fara ƙwanƙwasa mini ƙofa in za su ci abinci.

Ba zan ce muku in'ina ta tafi ba, kuna ji da kunnenku. Abin da Yesu ya cire mini shi ne tsoro da kaɗaicin da suka kusa binne ni da rai.

A bana na tsaya gaban malamai na kare aikina na ƙarshe. Mama ta shigo mota tun daga Poli, ta zauna a baya da sabon zanenta. Na maƙale a tsakiya, na ja numfashi, na ci gaba har ƙarshe. Aka ce na ci, da yabo! Da muka fito ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Ban gane ko kalma ɗaya a Faransancinka ba, amma muryarka har bakin ƙofa nake jinta."

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saurare ni, ya kuma aiko mini da mutanensa. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana zaune a nan da abin da ka kasa faɗa wa kowa, ka kai wa Yesu shi yadda yake, ko da rabin kalma ne. Ba ya sauri. Ka dogara gare shi, sa'an nan ka tashi ka gaya wa mutum ɗaya.

Ubangiji ya albarkace ku. Amin.