Kofi a hannunsa, yana tambayar yaushe za a fara wasa

Assalamu alaikum Malam, da masu sauraro. Ni ma'aikacin masaƙa ne a Sharaɗa. Ɗana Nura ne golan jami'arsu, kuma bana ba wanda ya doke su. Ranar wasan ƙarshe ina filin, sai ya yi tsalle, kansa ya bugi ƙarfen raga, ya faɗi. Aka kwara masa ruwan leda, ya tashi ya ci gaba, har suka ci. Na je na rungume shi, kofi na hannunsa, sai ya ce, "Baba, yaushe za a fara wasan?" Sai na kai shi asibiti. Likita ya ce ya huta, amma yau na ga ya wanke takalman ƙwallonsa. Don Allah, yaya zan hana shi?