Miyar New Orleans a Doha

Lokacin gasar kofin duniya, labari ya cika Doha wai wata rumfa tana sayar da miyar birnin New Orleans na Amurka, wadda Afirka ba ta taɓa ganin irinta ba. Hajiya Atine, tsohuwar malamar tarihi, ta shiga layi ta gane wa idonta. A gabanta wani mai gadi yana hira da wani injiniya.

Mai gadin ya ce, "Yallaɓai, hutuna ɗaya a wata, ga shi ya ƙare a layi. Har gayyatar tuwo na ƙi."

"Ka yi dabara. Na zauna a New Orleans ɗin. Gumbo sunanta, abincin wayayyu."

"Su suka ƙirƙiro ta?"

"To, an ce bayin da aka kwasa daga wajenmu suka kai irin."

"Irin me, ranka ya daɗe?"

Injiniyan ya ce, "Kai dai matsa gaba, layi ya motsa."

Aka miƙo wa Hajiya kwanonta. Miyar kuɓewa ce da shinkafa.